Man ƙaiƙayi na kemis: abin da yake yi da abin da ba ya yi

Yau zancen ƙaiƙayi za mu yi, da jel ɗin nan da ake saya a kemis ba sai da takardar likita ba, irin su Fenistil da Benadryl na shafawa.

Bari in fara da yadda abin yake. In sauro ya cije ka, yawunsa yake zubawa a fatarka. Jiki sai ya saki wani sinadari, histamin, shi ke sa wurin ya yi ja, ya kumbura, ka kama susa. Aikin jel ɗin shi ne ya tare wa histamin hanya. Shi ya sa yake taimakawa a cizon sauro da na sauran ƙwari, ko ɗan borin jini a wuri kaɗan.

To amma fa ku saurara: ƙaiƙayi yake kwantarwa, ba ya kashe cuta. Ƙazwa wani ɗan ƙwaro ne ke haƙa rami a cikin fata. Makero kuwa naman gwari ne. Ko ka ƙarar da kwali guda suna nan daram, kana ta raba wa abokan ɗakinka a hostel.

Sai ƙa'idoji. A shafa kaɗan, kada ya wuce sau 3 zuwa 4 a rana. Ban da kan gyambo ko inda susa ta ɗaye fata. Kada a mulke yaro mai ƙaranbau da shi, musamman mai ɗauke da diphenhydramine, domin yana ratsa fata ya shiga jini, ya yi masa yawa. Saboda haka ne ma ba a haɗa shi da na sha mai wannan sinadari. Yaron da bai kai shekara 2 ba, a tambayi likita tukuna.

Kuma a ɓoye shi. A 2010 hukumar magunguna ta Amurka sai da ta fitar da gargaɗi, saboda mutane sun riƙa shan jel ɗin Benadryl bisa kuskure.

Ni shawarata: duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin ka biya. In an kwana 7 ba sauƙi, nufi asibiti. In kuwa leɓe ko fuska suka kumbura, numfashi na sarƙewa, ajiye jel, a garzaya asibiti nan take.

Ku tura wa mai shagon kemis na unguwarku. Sai mun haɗu a shiri na gaba.