Ƙarancin Jini: Ciwon da Mata Ke Kira Gajiya

Mace za ta miƙe daga bakin murhu jiri ya kwashe ta, ta dafa bango, ta ce rana ce. Ta ɗebo ruwa bokiti ɗaya tana haki, zuciya na dukan uku-uku, a ce aikin gida ne. Da za a ja fatar idonta ta ƙasa a duba, sai a ga wurin da ya kamata ya yi ja ya koma fari fat.

Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya gano kashi 58 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. A duniya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 30 ne. Babban abin da ke jawo shi rashin sinadarin ƙarfe ne, wanda da shi jiki ke haɗa himogulobin, wato abin da ke ɗaukar iskar da muka shaƙa ya kai ta kowace gaɓa. Idan awon himogulobin ya gaza 12 ga mace, ko 11 ga mai ciki, to jini ya yi ƙasa.

Me ya sa mata? Kowane wata haila na tafiya da wani kaso, musamman ga masu zubar da jini da yawa. Juna biyu kuma ya fi cin ƙarfe: macen da ke bukatar miligiram 18 a rana tana komawa bukatar 27, alhali namiji 8 ya ishe shi. Ga haihuwa kusa-kusa, ga zazzaɓin cizon sauro, ga tsutsar ciki. Duk da haka, a gidaje da yawa tsokar nama da hanta kwanon maigida suke tafiya, uwargida ta sha romo. Wannan rabo bai dace da bukatar jiki ba.

Ranar haihuwa ce haɗarin ke fitowa fili. Jinin da mai ƙoshin lafiya za ta zubar ta tashi, shi ne zai iya kai mai ƙarancin jini lahira, kuma zubar jini bayan haihuwa na kan gaba cikin abubuwan da ke kashe masu jego. Jaririn ma yana iya zuwa bakwaini, ko ya zo ba nauyi.

Abin takaicin, maganin na da araha. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo sukan ƙare a bayan gado, don suna sa tashin zuciya, ko bayan gida ya yi baƙi, ko an tsorata mai ciki da cewa ɗa zai yi ƙato ta kasa haihuwa. Baƙin bayan gidan ba illa ba ne, kuma ƙwayar ba ta hana haihuwa lafiya. Wadda ƙwayar ta dame ta, ta koma wa ma'aikaciyar jinya a sauya mata yadda take sha.

Lemon malti da madara, da ake yi wa kirarin ƙara jini, ba su da wani ƙarfen kirki. Hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyahu su ne abin nema. Ƙarfen ganye bai cika shiga jiki da sauƙi ba, sai an haɗa da lemo, tumatir ko gwaiba. Shayi a kan abinci kuwa tauye shigarsa yake yi, don haka a ba da tazarar awa ɗaya.

Ba kowane ƙarancin jini ne na ƙarfe ba. Mai sikila, alal misali, nata daban ne. Saboda haka duk wadda ke fama da jiri, kasala, ko kwaɗayin ƙanƙara da farar ƙasa, ta je a auna jininta. Magidanta kuma ku ba da izini da kuɗin mota, ku kuma tabbata ana shan maganin kullum.