ƊAN BA-RUWANMU DA ZAƁEN FID DA GWANI



Laccar yau a kan mutumin da ba ya cikin kowace jam'iyya take, watau ɗan ba-ruwanmu, da abin da kan sa shi yankar katin jam'iyya idan zaɓen fid da gwani ya gabato. Za mu ɗauki ma'aikacin masana'antun Kano ya zama abin misalinmu: mai jima a Chalawa, da mai aikin roba a Sharaɗa, da mai gadin injin a Bompai.

Ma'anar kalmomin

Hausawa na kiran wannan zaɓe da suna biyu, kuma kowanne da abin da yake nunawa. "Share fage" na nufin ba a fara wasan ba tukuna, shiri ake yi. "Fid da gwani" kuwa ya fi kusa da gaskiya, domin a nan ne ake tankaɗe da rairaya. Tsarin Mulkin 1999 ya shardanta cewa mai neman shugabancin ƙasa, ko gwamna, ko kujerar majalisa, sai ya kasance ɗan jam'iyya, kuma jam'iyyar ce ta tsai da shi. Ashe ke nan ranar babban zaɓe ɗan ba-ruwanmu ba ya zaɓen wanda yake so, sai dai wanda ya fi dama-dama a cikin waɗanda wasu suka riga suka zaɓar masa.

Yadda abin yake a Amurka

A jihohin Amurka da yawa, wurin yin rajistar zaɓe ne mutum kan rubuta jam'iyyarsa, ko ya ce ba shi da ita. Wasu jihohin kan bar kowa ya shiga zaɓen fid da gwani, wasu kuwa sai ɗan jam'iyya kaɗai. Saboda haka 'yan ba-ruwanmu kan sauya rajistarsu don a dama da su. Amma fa ba a fafe gora ranar tafiya. Alal misali, a Jihar Niyok, wanda ya so sauya jam'iyya don zaɓen Afrilu 2016, sai da ya yi haka tun Oktoba 2015. A Jihar Wayomin kuma, a 2022, 'yar majalisa Liz Cheney ta gayyaci waɗanda ba 'yan jam'iyyarta ta Rifabulikan ba su sauya rajista su mara mata baya. Duk da haka ta sha kaye, sa'an nan a 2023 jihar ta yi dokar da ta ƙuntata irin wannan sauyi. Gardamar ita ce: jam'iyya ta 'ya'yanta ce, ko kuwa ta duk wanda sakamakon zai shafa?

Yadda abin yake a nan gida

Mu a Nijeriya katin zaɓe daban, katin jam'iyya daban. Hukumar Zaɓe ba ta tambayar kowa jam'iyyarsa. Mai son shiga sai ya je mazaɓarsa a rubuta sunansa a littafin jam'iyya. To, ko katin zai yi masa rana, wannan ya danganta ga hanyar da aka bi. Dokar Zaɓe ta 2022 ta amince da hanya uku: 'yar tinƙe, inda kowane mai kati ke jefa ƙuri'a, da zaɓen wakilai, waɗanda ake kira daliget, da kuma masalaha. A Disamba 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa hannu a kan ƙudurin dokar saboda ya tilasta 'yar tinƙe kaɗai, sai da aka gyara ya sa hannu a Fabrairu 2022.

Ba yau aka fara neman kai wannan zaɓe ƙofar talaka ba. A 1993, ƙarƙashin tsarin A4, daga mazaɓa aka faro tace masu neman shugabancin ƙasa, zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha, har aka ƙare da Abiola a SDP da Bashir Tofa, mutumin Kano, a NRC.

Ma'aikacin masana'anta da katin jam'iyya

Yanzu mu koma ga ma'aikacinmu. Abin da ya dame shi sananne ne: wutar lantarki da idan ta ɗauke injuna su tsaya, da kayan waje masu araha da suka durƙusar da masaƙun Kano, da dagwalon majemu da ke malala zuwa Kogin Chalawa. Duk waɗannan al'amura ne da gwamna da 'yan majalisa ke da ta cewa a kansu. Idan har yana son ɗan takarar da ya san zafinsu, tun ran gini ran zane.

Sai dai akwai tarnaƙi uku a gabansa. Na farko, a masana'anta yake wuni, ko ya kwana idan aikin dare ya faɗo kansa, alhali a unguwa ake taron jam'iyya. Na biyu, idan jam'iyyar ta zaɓi hanyar wakilai ko masalaha, katinsa ya zama ado. Na uku, wanda ya fi muni, shi ne ingancin littafin kansa. A Satumba 2018 jam'iyyar APC ta yi 'yar tinƙe, aka sanar cewa Buhari ya sami ƙuri'a sama da miliyan 2.9 a Jihar Kano. A babban zaɓen Fabrairu 2019 kuwa, wanda kowa da kowa ke da damar shiga, abin da ya samu a jihar bai kai miliyan 1.5 ba. Inda lissafi ya zama haka, ƙuri'ar sabon shiga ɗigo ce a cikin kogi. Dokar 2022 ta nemi toshe wannan kafa da ta wajabta wa jam'iyyu miƙa littafin 'ya'yansu ga Hukumar Zaɓe kwana 30 kafin zaɓen fid da gwani.

Har ila yau, dole mu bambanta wannan mutum da mai sauya sheƙa. Lokacin da Rabi'u Musa Kwankwaso ya koma APC a 2013, ya dawo PDP a 2018, ya tafi NNPP a 2022, jama'a masu yawa sun bi shi. Waɗannan jagora suka bi. Ɗan ba-ruwanmu kuwa buƙatarsa ce ta kai shi.

Ga ma'aikatan gwamnati da ke cikin wannan zaure, a shari'ar Hukumar Zaɓe da Balarabe Musa, wadda aka bayyana dalilan hukuncinta a 2003, Kotun Ƙoli ta soke sashen Dokar Zaɓe ta 2001 da ya hana su zama 'yan jam'iyya. Amma ƙa'idodin aikin gwamnati sun daɗe suna hana ma'aikaci tsoma baki a harkar siyasa, saboda haka a yi hattara.

Kammalawa

Yankar kati don shiga zaɓen fid da gwani ba cin amanar ra'ayi ba ne, neman haƙƙi ne a inda ake yanke shawara. Amma mai niyya ya tambayi abu uku tukuna: yaushe za a rufe littafi, wace hanya jam'iyyar za ta bi, kuma wa ke riƙe da littafin? Idan amsoshin sun gamsar da shi, ya shiga da wuri.