Saƙar Jijiyoyin Karotid a Wuyan Kwaɗo: Tsarinta da Aikinta

Gabatarwa

Kwaɗo da danginsa suna rayuwa ne tsakanin ruwa da tudu, saboda haka yawan iskar oksijin da ke cikin jininsu yana hawa da sauka fiye da na dabbobi masu shayarwa. Wannan maƙala ta yi nazarin wata 'yar gaɓa da ke wuyansu, wadda ke sa ido kan wannan sauyi. Masana na kiran ta labirin na karotid. A nan an kira ta saƙar jijiyoyin karotid, domin siffarta ta yi kama da saƙa.

Tsari

Gaɓar tana nan a kowane gefe na wuya, daidai inda babbar jijiyar karotid ta rabu biyu: reshe ɗaya ya nufi ƙwaƙwalwa, ɗayan ya nufi ƙasan baki da harshe. A ido, kumburi ce ƙarama. A ƙarƙashin madubin ƙara girma kuwa, ana ganin jijiyar ta warwatsu zuwa ƙananan hanyoyin jini masu sarƙaƙiya, sannan suka sake haɗuwa. A tsakankanin hanyoyin akwai ƙwayoyin halitta da ake kira gilomus, waɗanda ke haɗe da reshen jijiyar saƙo ta 9 daga cikin jijiyoyin kai. Talibambam ba shi da cikakkiyar saƙar. Tana kammaluwa ne lokacin da yake rikiɗa zuwa kwaɗo, yayin da gaɓoɓinsa na shaƙar iska cikin ruwa suke shanyewa, huhu ya karɓi aiki.

Aiki

Aikinta iri uku ne. Na farko, idan oksijin ya ragu cikin jini, ƙwayoyin gilomus na aika saƙo ƙwaƙwalwa, numfashi ya ƙaru. Na biyu, tana jin hawa da saukar ƙarfin bugun jini. Na uku, bangonta na iya tsukewa, ta haka take daidaita jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa.

Kammalawa

A jikin ɗan Adam, aikin farko da na biyu sun rabu tsakanin gaɓoɓi biyu: ƙullin karotid da kumburin karotid. Gano rawar da suke takawa wajen numfashi shi ya ba Corneille Heymans na Beljiyam lambar Nobel ta 1938. Da yake kwaɗo ya haɗa ayyukan a gaɓa guda, nazarinsa na haska yadda wannan tsari ya samo asali, tun daga lokacin da dabbobi masu ƙashin baya suka fara barin ruwa.