Ka goge saƙonni, amma wuri bai samu ba: me ya sa?

Mai karatu, idan kana amfani da Outlook ko Thunderbird a kwamfutarka, wataƙila ka taɓa share tsofaffin saƙonnin imel bila adadin, ka koma ka tarar fayil ɗin da ke ɗauke da su yana nan da girmansa, ko megabait ɗaya bai ragu ba. Kada ka tayar da hankalinka, kwamfutar lafiyarta ƙalau. Haka aka tsara manhajar.

Da farko, abin da ka goge kwandon shara yake tafiya, kwandon kuma yana cin wuri har sai ka zazzage shi. Ko a Gmail, saƙo kan yi kwana 30 a kwandon, ana lissafa shi cikin gigabait 15 ɗin da aka ba ka kyauta.

To, ko ka zazzage kwandon ma, da sauran rina a kaba. Outlook yana tara saƙonninka cikin babban fayil guda, PST ko OST. Thunderbird kuwa kowace jaka fayil ɗaya ce, saƙo na bin saƙo. Ka ɗauke shi kamar littafin bashin mai kanti: idan ka biya, layi zai ja a kan sunanka, ba zai yage shafin ba, don haka kaurin littafin yana nan. Manhajar ma alama kawai take sawa cewa an goge, domin sake tsara fayil ɗin duk lokacin da ka goge saƙo ɗaya zai sa ta yi ta jan ƙafa.

Abu biyu ne abin lura a nan. Fayil ɗin yana da iyaka: gigabait 2 a tsofaffin Outlook har zuwa na 2002, gigabait 50 daga na 2010. Yana kusantar iyakar, sai nauyi, sai saƙo ya ƙi shiga. Na biyu, sirrinka. Saƙon da aka ja wa layi, wanda ya san hanya zai iya tono shi. Ka tuna da wannan kafin ka sayar da kwamfutarka ko ka ba aboki aro.

Maganin shi ne matse fayil ɗin, wato a kwafe sunayen da ba a soke ba zuwa sabon littafi. A Thunderbird, shiga File ka danna Compact Folders. A Outlook, bi Account Settings zuwa Data Files, zaɓi fayil ɗin, shiga Settings ka nemi Compact Now.

Amma fa kafin ka danna, ka ajiye kwafin fayil ɗin a filashi, ka kuma tabbatar batirinka a cike yake, don ɗaukewar wuta ana tsakiyar aikin na iya lalata shi. Sannan ka sake duba abin da ka goge, domin bayan matsewa da wuya ya dawo.