Abin da ke murɗe ganyen wake

Manomi zai shiga gonar wakensa ya tarar sabbin ganyaye sun fito sirara, gefensu ya nannaɗe, jijiyoyinsu sun matsu wuri guda, alhali tsofaffin ganyayen ƙasa lafiya lau suke. Sai ya ce cuta ce ko ƙwari, ya tafi kasuwa sayen magani. Sau da yawa kuwa ba ko ɗaya ba ne, ɓurɓushin maganin ciyawa ne.

Ita shuka tana sarrafa wasu sinadarai a jikinta, 'yan mitsi-mitsi, waɗanda ke tsara girmanta. Babbansu shi ne oksin, wanda Frits Went, masani ɗan ƙasar Holan, ya tabbatar da samuwarsa a 1926. A bakin toho ake yin sa. Duk inda ya taru a kan tohon, nan sabon ganye zai ɓullo, kuma hanyar da ya bi yana gangarowa ita ce ke zama jijiyar ganyen. Akwai jibaralin, da aka gano daga wata cutar shinkafa a Japan, mai miƙar da kara. Akwai saitokinin, mai sa ƙwayoyin halitta rabuwa, wanda kuma ke hana ganye saurin tsufa da yin rawaya.

To, maganin ciyawar nan 2,4-D, da ya shiga kasuwa tun shekarun 1940, kwaikwayon oksin ne. Bambancin shi ne shuka ta san yadda za ta rushe nata oksin idan ya gama aiki, amma wannan na kanti yana daɗewa a jikinta yana ta ba da umarnin girma. Masara, dawa da shinkafa suna jure masa, shi ya sa ake fesa shi a gonakinsu. Wake kuwa mai faɗin ganye ne, irin wanda aka yi maganin domin a kashe. Idan ya samu da yawa, kara ya murɗe, shukar ta mutu. Idan kaɗan ne, sai ya tafi can bakin toho ya rikita ganyen da ke cikin ƙuruciya: naman da ke tsakanin jijiyoyi ya kasa buɗewa, ganye ya fito kamar tsinken maɗauri. Dalili ke nan da ba a ganin ɓarnar ranar feshi sai bayan kwanaki.

Abin ya fi damuna ne saboda Nijeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman wake, kuma a nan ganyen kansa dukiya ne, tunda shi ne harawar da dabbobi ke ci da rani. Ga shi ana haɗa wake da dawa a gona ɗaya, famfon feshi ɗaya kuma yana zagaya gidaje da dama ta hanyar aro. Ɗauraya da ruwa sau ɗaya ba ta fitar da 2,4-D daga tanki da tiyo. Wanda ke da hali ya ware masa famfonsa daban, wanda ba shi da shi ya wanke da sabulu sau da yawa, kuma kada a yi feshi ana iska kusa da gonar wake.