Masallacin Yaama: Ginin Da Ya Gina Magininsa

A shekarar 1962 dattawan Yaama, wani ƙauye a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a. Suka ɗora nauyin aikin a kan Falke Barmu, manomi kuma magini ɗan garin. Aikin gayya aka yi: wasu na buga tubali, wasu na ɗebo ruwa, wasu na kawo itace. Ginin farko mai kusurwa huɗu ne, ginshiƙai na ɗauke da rufinsa, babu wani ado.

Ginin ƙasa kuwa ba ya yarda a juya masa baya. Damina takan ci jikinsa, dole a koma a yi yaɓe. Wannan komawa ita ce ta zama makarantar Falke. A 1975, da rufin ya bukaci gyara, sai ya sake shi da bakan gizo, ya ɗora ƙubba a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyin, kowace da siffarta, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Cikin shekara ashirin ɗin nan ƙa'idojinsa suka kafu: a yi gini da abin da ƙasar wurin ta bayar, jama'a su sa hannu, a bar wa gini ƙofar girma tare da masu shi. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine, sunan manomin Yaama ya kai duniya.

Wannan tafarki bai mutu ba. A 2018, a Dandaji da ke jihar ta Tawa, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu maimakon a rushe shi, suka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matse da inji.

Mu mazauna Birkitiri, sunan unguwarmu ma daga masana'antar bulo ya samo asali. Amma da yawanmu na ɗaukar ginin ƙasa alamar talauci, ko da yake ya fi siminti da kwano sanyi lokacin zafi. Duk katangar da aka rushe ba tare da an tambayi wanda ya ɗora ta ba, ilimi ne ya salwanta. Kafin mu ɗauki diga, mu nemi tsofaffin maginanmu, mu tura yara su koya a wurinsu. Allah ya sa mu dace.