Gudun Yada-Ƙanin-Wani a Kan Tudu: Inda Agogon GPS Ke Iya Yaudarar Mai Gudu

A arewacin Wales da ke Birtaniya akwai gasar gudun yada-ƙanin-wani mai suna Marathon Eryri, wadda aka fara a 1982. Tsawonta kilomita 42.195 ne kamar kowace gasa irinta, sai dai hanyar tana zagaye dutsen Snowdon ne ta cikin ƙauyuka. Daga garin Llanberis ake tashi, ba a jima ba sai hawan Pen-y-Pass, a gangara zuwa Beddgelert, sannan wajen kilomita 35, lokacin da ƙafafu sun riga sun mutu, a tarar da wani hawan daga Waunfawr.

A irin wannan hanya, lambar da agogo ke nunawa ta saurin gudu tana iya kai mutum ta baro. Wanda ya saba cinye kilomita ɗaya a minti 5 a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta zai ga agogo na cewa minti 7 a kan tudu, sai hankalinsa ya tashi, ya ƙara wuta. Ƙarfin da ya ƙona a hawan farko shi zai nema ya rasa a Waunfawr. Gangara kuma, da ake ɗauka hutu ce, ita ke cin naman cinya, domin kowane taku birki ne jiki yake takawa.

Shi ya sa Strava ke da lissafin da take kira Grade Adjusted Pace, wanda ke ƙiyasta saurin da mutum zai yi da a ce hanyar a shimfiɗe take. Garmin kuma na da ClimbPro, mai nuna nisan da ya rage a hawan da kake kai da tsananinsa. A ganina wannan ya fi amfani, saboda sanin cewa saura mita 400 tudu ya ƙare yana kwantar da hankali.

Amma lissafin tsayi kansa ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari. Idan ka buɗe fayil ɗin GPX za ka ga kowane wuri da lambobinsa uku: biyu na matsayi, ɗaya na tsayi. Ta ukun nan ita ce mai rauni a GPS, kuma duwatsu na tare siginar tauraron ɗan'adam. Agogo masu tsada suna amfani da na'urar auna nauyin iska, ita kuma canjin yanayi na ruɗa ta, ga shi ruwan sama ba baƙo ba ne a Wales.

Rashin sabis a ƙauye bai shafi GPS ba, don ba ya buƙatar data. Abin da zai tsaya shi ne aika wa 'yan uwa inda kake kai tsaye, tunda wannan ta waya yake bi.